Dokta Maƙogwaro da 'Ya'yan Iya Sa'a

A shekarar da gero ya ƙi fitowa, soja na kan mulki, Allah ya dubi Matameye da idon rahama ya aiko mata Dokta Inusa. Mu dai ruwa muka roƙa, amma ba mu raina ba.

Shekara goma sha ɗaya ya yi a Faransa yana binciken wasu 'yan ƙwayoyi huɗu da ke maƙale a bayan maƙogwaro, kowace ba ta fi ƙwayar dawa ba. Sunansu faratiroyid. In suka lalace yatsun mutum kan ƙage, wani lokaci kuma gadon ciwon ake yi. Wannan gaskiya ne, ba mai musu. Sai dai tun da Dokta ya gan su bai ƙara ganin komai a jikin ɗan Adam ba. Kana ba shi hannu, shi wuyanka yake leƙe. Muka naɗa shi Dokta Maƙogwaro, ya amsa kamar da rawani.

A wani ƙauye bayan Dungu ya tarar da abin da ya daɗe yana nema: gida ɗaya, mutum bakwai, duk yatsu a ƙage. Ya zauna bisa kujerar da ya zo da ita, ya tambayi tsohuwar gidan, Iya Sa'a, su wane ne waɗannan. Ta ce 'ya'yanta ne. Bai ƙara tambaya ba. Me kuma zai tambayi wadda ba ta taɓa shiga lakwal ta yi boko ba? Rumbun gidan na bayansa, wayam, ko waiwaye bai yi ba.

Kwana tara ya yi yana zana salsalar gidan a takarda mai faɗin tabarma. Masha Allah, zane ya yi kyau.

Ana nan sai sufurefe mai mulkin yankin, wani kaftin da ba a taɓa ganin haƙoransa ba, ya fito zaɓen ƙauyukan da za a kai wa dawa da garin madara na agaji. Motocin kamiyo biyu, ƙauye talatin. Wanda aka tsallake, sai dai mutanensa su kama hanyar kudu da ƙafa. Yana isa ƙauyen Iya Sa'a, Dokta ya tare shi, ya sa wani ƙato ya ɗaga takardar sama.

"Kaftin, jahilai za su ce maka yunwa ce. Ni da farfesoshi arba'in suka tafa wa, ina gaya maka gado ne. Ko buhu ɗari ka zuba a gidan nan, yatsun nan ba za su miƙe ba. Har suna na raɗa wa ciwon: ciwon Inusa."

Kaftin ya zaro biro zai soke sunan ƙauyen. Sai ya ɗan dakata, ya dubi tsohuwar.

"Iya, duk ke kika haife su?"

"Haihuwa? A'a, ranka ya daɗe. Biyu riƙo ne, na maƙwabta da suka tafi neman abinci. Uku daga arewa suka zo da dabbobinsu suka mutu. Waccan Babarbariya ce. Na bakwan ko garinsu ban sani ba. Tukunya ce ta haɗa mu."

"To, naki na cikinki fa?"

Iya Sa'a ta sunkuyar da kai. Guda ɗaya gare ta, ɗan fari kuwa, wanda uwa mai kunya ba ta kama sunansa, balle ta lissafa shi gaban baƙo. Ta nuna da haɓa.

"Wancan."

Aka waiwaya. Ɗan'azumi ne, ƙaton nan da ya dawo jiya daga cin rani a Kano, wuya kamar turmi, yana riƙe da takardar Dokta da yatsu goma lafiya lau.

Dokta ya gyara tabarau, ya ce bincike na ci gaba.

Aka sauke buhuna. Kafin wata ya mutu yatsu suka miƙe, har ana tuƙin tuwo da su. Dokta ya rubuta zuwa Faransa cewa ya gano ciwon Inusa, ya kuma kawar da shi daga doron ƙasa cikin mako huɗu. Takardar salsalar kuwa, da ya bari a ƙauyen don amfanin na baya, akuyar Iya Sa'a ce ta cinye ta. A duk faɗin ƙasar Matameye, ita kaɗai ilmin Dokta ya cika wa ciki.