Lambar da ta cinye mini keke

Ba zan taɓa mantawa da dubu biyu da arba'in da bakwai ba, ko a mafarki na gan ta sai gabana ya faɗi.

Zamanin Turawa ne, an turo ni Birnin Gwari koyar da manya a ajin yaƙi da jahilci. Ina da sabon keke, kuma shi kaɗai ke ratsa daji da ni zuwa Randagi wajen Hajo, yarinyar da nake nema. Ina kuma da ɗan banzan baki.

A Zariya aka koya mana cewa akwai lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, irin su bakwai da sha uku. Na samo wannan ƙatuwar, na gwada ta da uku, biyar, bakwai, har sha tara, ta ƙi. Nan aka kawo tuwo, na ce ai magana ta ƙare. (Mai hankali da ya ci ya ƙoshi sai ya ci gaba da gwaji.)

Washegari na rubuta ta a allo, na bugi ƙirji gaban dattawa.

"Wannan ko Baturen lissafi ba ya raba ta. Duk wanda ya faɗi lambar da ta raba ta, kekena nasa ne!"

Wa ya aike ni? Aka ce biyu, na yi dariya. Aka ce goma, na ƙara da shewa. Sai na hango Tanko mahauci yana gyangyaɗi.

"Tanko, kai fa?"

Ya farka firgigit, ya ƙirga mutanen ajin. "Malam, ashirin da uku."

Na ɗauki alli ina taƙama. Da hannuna na raba, ina bayani da ƙarfi don na baya su ji. Tamanin da tara ta fito cif, ko ɗaya bai yi saura ba. Na goge na sake. Ita ce dai.

"To, ai wasa muke..." in ji ni.

Baba Liman, babban ajin, ya gyara zama. "Malam, alkawari kaya ne. Gabanmu ka faɗa."

Tanko bai ma iya hawa ba, tura shi ya yi har gida, ni ina bin bayansa da ƙafa.

Randagi ta yi mini nisa. Damina ta sauka, rafuka suka cika, zuwana ya ja baya, har iyayen Hajo suka ɗauka na fasa. Tanko kuwa ya koyi hawa, ya fara kai nama ƙauyuka, har Randagi. Kafin kaka, shi aka ba Hajo. Wallahi har yau abin na ci mini rai, don ina son yarinyar nan.

Tun daga ranar, in ina lissafi aka kawo tuwo, sai dai ya huce.