Jikan Dogo da Takardar Sabon Zauren Taro

Jiya Alhamis a nan Gidan Rumji an sa wa jariri ɗaya suna har sau biyu kafin rana ta take tsaka, kuma na farkon ba daga bakin liman ya fito ba. Daga cikin takarda ya fito, mai hatimi har biyu. Wanda abin ya faɗa wa kuwa shi ne Dogo manomin gyaɗa, mutumin da ba a taɓa jin ya yi faɗa da kowa ba sai da bakinsa. Baki kuwa tun tuni aka ce shi ke yanka wuya.

Sai dai a fara da zauren, don shi ne uban tafiyar. Tun da muka samu mulkin kai bara, Masu Girma Iyayen Ci Gaba, Allah ya ƙara musu inuwa, suka duba gabas suka duba yamma, suka ga babu abin da ke hana talaka barci kamar rashin wurin taro. Rijiyar kasuwa ta rufta, amma wannan tana iya jira. Hanyar Cadakori in an yi ruwa ko jaki sai ya tsaya ya yi shawara da kansa kafin ya sa ƙafa, wannan ma ba gaggawa. Suka sare tsamiyar da kakanninmu ke ɗaurin aure da sulhu a gindinta, suka dasa gini na siminti mai rufin kwano, da tagogi shida na gilashi waɗanda mai ginin ya manta ya yi musu mabuɗi, da kujerun ƙarfe jere reras. Aka ce daga yau taron hukuma da biki da suna duk a nan za a riƙa yi, kamar yadda ake yi a manyan birane. Aka kafa wa zauren kwamiti, aka ba kwamitin buro, wato ofis, aka yi bikin buɗewa da shanu biyu, sannan aka rufe. Wata biyar ke nan yana kulle, ba mai shiga sai ƙadangaru, su kuwa ko takarda ba su cika ba.

To, Dogo yana da ɗiya Lantana, tana aure a Cadakori. Ta zo gida haihuwar fari yadda aka saba, ta sauka lafiya ranar Alhamis ta makon jiya, namiji. Kowa ya san yadda ake raba aikin. Gidan uwa ke ba da wuri da tuwo, dangin uba ke zuwa da rago da goro da suna. Sunan nan kuwa yana bakin kakan yaron na wajen uba, Malam Mudi na Cadakori, kuma ba ya fita sai safiyar ranar, in ya raɗa shi a kunnen liman. Wanda ya riga shi faɗa ya ƙwace masa jika a gaban jama'a, kuma irin wannan ɓacin rai a kan matar ɗa yake sauka.

Kwana biyu da haihuwar suka haɗu a kasuwa. Bayan an sha gaisuwa an yi barka, Malam Mudi ya tambaya da zuciya ɗaya ko ƙofar gidan Dogo za ta ɗauki mutane, don zai zo da kamar arba'in. Dogo ya ji tambayar ta sosa masa inda ba ya so. Ya gyara wuyan riga ya ce ai su mutanen Gidan Rumji sun wuce zaman ƙofar gida, a sabon zauren taro za a yi, kowa da kujerarsa. Malam Mudi ya ce madalla. Kafin la'asar labari ya gama Cadakori, har waɗanda ba a gayyata ba suka fara wankin riga. Magana zarar bunu ce, Dogo ya zaro tasa a tsakiyar kasuwa.

Da ya koma gida matarsa Laraba ta saurare shi har ya gama, tana tsince wake ba ta ɗago ba.

"Malam, tabarmin gidan ga mi sunka yi maka?"

Ya ce mata ita ba ta san zamani ba. Ta ce haka ne, amma a ƙofar gidan nan aka yi sunan 'ya'yansu shida, kuma duk shidan suna amsawa in an kira su.

Ranar Litinin ya sa rigar Juma'a ya tafi buron kwamiti. Mai riƙe da takardu shi ne Mushe Sale, wato Malam Sale a bakin masu Faransanci, ɗan Habi mai ƙosai, wanda Dogo ya sani tun yana yawo ba wando, yanzu ga shi da alƙalami biyu a aljihu. Mushe Sale ya tarbe shi kamar an aiko masa da ruwan sama, don tun da aka kafa buron ba a taɓa samun wanda ya zo neman zauren ba. Ya ce a ƙa'ida sai an nema da kwana goma sha biyar. Dogo ya tambaya yadda za a nemi wurin suna da kwana goma sha biyar alhali kwana bakwai ake suna. Mushe Sale ya ce wannan tambaya ce mai kyau, za a kai ta zaman kwamiti na gaba, amma yau zai yafe. Ya tambayi unguwa, ya tambayi yawan mutane, ya tambayi yawan dabbobi, yana rubutawa. Sannan ya kai layin ƙarshe, ya ce a faɗi sunan wanda ake taron dominsa.

"Ai ba shi da suna, Mushe. Sai ran Alhamis za a raɗa mai."

"Baba, in babu suna ba ni iya buga hatimi. Layi ba ya zama ba komi."

Dogo ya yi bayani, ya sake yi. Mushe Sale ya san duk wannan, shi ma haka aka yi masa, har Dogo ya ci naman ragonsa. Amma mutum in ya zauna bayan tebur idonsa ba ya ganin komai sai layi. Ya kwantar da murya ya ce takarda ce kawai, cikin aljihun tebur za ta kwanta, ba mai karanta ta har tashin duniya.

Gaba kura baya siyaki. In Dogo ya aika Cadakori a tambayo sunan, ya yi abin kunyar da za a riƙa ba jikokinsa labari. In ya fasa zauren, kasuwa guda ta ji alkawarinsa. Ya dubi rufi, ya dubi bango, ya dubi mutumin da ke gabansa, ya ce, "To, rubuta Sale." A ransa tsumma ne ya cusa a ramin rumbu, a toshe kawai a wuce. Sai ya ga Mushe Sale ya ajiye alƙalami, ya miƙe tsaye, ya kama hannunsa da hannu biyu, ido ya kawo ruwa. Ya ce shekara uku yana wa garin nan aiki, ba wanda ya taɓa yi masa takwara sai yau. Dogo ya buɗe baki zai gyara, ya ga hawayen, ya mayar da bakin ya rufe. Ya dangwala yatsa a tawada ya danna inda aka nuna masa.

Bai gaya wa kowa ba, har Laraba. Tsoro yake ji ƙwarai, yana lallashin kansa da cewa ai aljihun tebur ba ya magana.

Da sassafe jiya mutanen Cadakori suka iso, ba arba'in ba, sun fi sittin, da rago fari mai ƙaho kamar an zana. Mai gadin zauren ya ce rago ba ya taka siminti, aka ɗaure shi a jikin taga ta waje. Jama'a suka tuɓe takalma a bakin ƙofa, ya ce a mayar, nan ba masallaci ba ne. Ba wanda ya ji shi. Tsofaffi suka hau kujerun ƙarfe suka naɗe ƙafafu a kai kamar suna kan buzu. Kafin a gama rabon goro kwanon rufi ya ɗauki rana, gumi ya fara bin gemu, kowa yana kallon tagogin nan shida yana yaba kyansu. Duk da haka Dogo ya ji zuciyarsa ta ɗan kwanta. Malam Mudi ya tattara riga, ya karkata zuwa kunnen liman.

Nan ne aka ji ƙahon mota. Sai ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Zaure, Allah ya ja zamanin kujerarsa, Mushe Sale yana bin sa a baya rungume da sabulu da 'yar rigar jarirai. Mai Girma ya ɗaga hannu ya ce tunda wannan ne taron jama'a na farko a tarihin zauren, ba za a yi komai ba sai ya faɗi kalma biyu. Kalma biyun shafi bakwai ce, da Faransanci, Mushe Sale yana juyawa zuwa Hausa. Shafin farko a kan duhun da muke ciki ne lokacin da muke zama a inuwa muna shan iska. Na biyu a kan tagogi. A shafi na uku Mai Girma ya cire tabarau, ya yi murmushi, ya taya ƙasa murnar samun sabon ɗa, wanda iyayensa suka nuna wayewa suka sa masa sunan haziƙin ma'aikacin kwamiti, wato Sale. Mushe Sale ya juya wannan wurin da ƙarfi.

Ɗanmaraya sanƙira, wanda aikinsa shekara talatin shi ne in ya ji suna ya kwarara shi, bai tsaya tunani ba. Ya leƙa ƙofa ya shelanta wa duniya cewa jariri ya ci suna Sale. Wata tsohuwa mai wucewa da tulu ta rangaɗa guɗa.

Malam Mudi ya tambayi liman a hankali ko ya riga ya gaya masa wani abu ne ya manta. Liman ya ce bai gaya masa komai ba. Malam Mudi ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya fita, mutanen Cadakori suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. A waje ya ce a kwance ragon. Duk wanda ke wurin ya san abin da ake nufi in ragon suna ya koma Cadakori da ƙafarsa. Lantana za ta gama wankan jego, ta zauna tana jiran masu zuwa ɗaukarta, ba kuwa za su zo ba.

Dogo ya fito ba takalmi. Ya durƙusa a cikin rairayi gaban mutumin da suke sa'a ɗaya, gaban garuruwa biyu, ya zayyana komai, tun daga kurin kasuwa har layin takarda har hawayen Mushe Sale. Bai rage wa kansa ko ɗaya ba.

"Malam Mudi, ni na yi, ba wanda yas sa ni sai girman kai. In hushi za ka yi, ka yi da ni. Ɗiyata ba ta san komi ba."

Malam Mudi ya dube shi, igiyar ragon a hannu.

"Tun kahin a aiko min da haihuwar ga nika ɗauke da sunan ga. Ko uwar ɗiyana ban gaya ma ba. Na hito ƙofar can da niyyar in sake sunan, wallahi. Sai na tuna yaron bai yi min komi ba."

Ya zauna a ƙasa cikin inuwar bangon zauren, jama'a suka zazzauna kewaye da shi, kowa ya miƙe ƙafa ya numfasa. Ya yafuto liman ya raɗa masa a kunne. Aka kwantar da rago, aka yi fatiha. Ɗanmaraya, wanda wannan karon sai da ya sa liman ya maimaita masa sau biyu, ya ɗaga murya ya ce jariri ya ci suna Ayuba.

Samari suka dubi juna suna tambayar ko sunan wa aka mayar. Tsofaffi ba su tambaya ba. Dogo laƙabi ne, tsawo ya ja masa. Sunansa na yanka Ayuba, kuma tun da mahaifiyarsa ta rasu ba wanda ya sake kiran sa da shi. Ashe Malam Mudi tun cikin yana wata bakwai ya bi ta wajen tsofaffin garin ya binciko. Dogo ya ja bakin rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa suna motsi. Daɗi ya ji, kunya kuma ta fi daɗin yawa. Malam Mudi ya ɓare goro ya miƙa masa rabi, ya ce ya tashi haka nan, mutane suna jiran tuwo.

A ciki kuwa Mai Girma bai bari wannan ƙaramin abu ya katse aikin ƙasa ba. Ya karanta sauran shafi huɗun ga kujeru, Mushe Sale ya juya musu, sannan ya tafa shi kaɗai.

Yau da safe Dogo ya koma buro a gyara takarda, aka ce masa abin da hatimi ya hau ba ya sauka. Don haka yanzu jikoki biyu gare shi, Ayuba mai kuka da tsotso a ɗakin Laraba, da Sale mai kwance a aljihun tebur. Allah ya raya su duka. Shi Sale ba ruwansa da ƙyanda ko haƙori, kuma irin yadda masu girma ke son sa, in zaɓe ya zo kada ku yi mamaki in kun ji ya riga Ayuba jefa ƙuri'a.