Takalman Malam Afdet

Duk wanda ya ce ba a yi mutum a Talata Mafara ba, to bai san Injiniya Sharhabilu Nagode ba. Allah ya yi masa baiwar da bai yi wa kowa ba daga nan har Maradun: yana iya duban abin da ke aiki lafiya lau ya gano cewa yana bukatar gyara. Injiniyancin nasa ba wata makaranta ce ta ba shi ba. Mai buga kati ne ya tambaye shi abin da za a sa a gaban sunansa, shi kuma ba ya son a bar wuri fili. A ƙarƙashin sunan aka rubuta Shugaba kuma Babban Mai Hangen Nesa na Kamfanin Fasahar Nagode.

Kamfanin shago ɗaya ne a bayan tasha, tsakanin mai cajin waya da mai sayar da taki. Ma'aikacinsa Jatau, magidanci marar yawan magana, shi ke zaune gaban kwamfuta yana rubuta duk abin da aka ce ya rubuta, yayin da Injiniya ke hangen nesa a kan kujera mai juyawa. 'Yan tasha kuwa Malam Afdet suka san shi da shi, don ko gaisawa kuka yi sai ya shaida maka akwai sabon afdet, wato sabuntawar manhajar waya, yana tafe.

A yi masa adalci, manhajar da suka fitar da farko ta yi amfani. Sunanta Zumunta. In an yi haihuwa a Garbadu, ko ɗaurin aure a Birnin Tudu, ko rasuwa a Bakura, sai waya ta yi ƙara ta gaya maka wuri da lokaci, ka sa takalminka ka tafi. Mutane suka karɓe ta hannu bibbiyu. Wannan ne ya dami Injiniya. Abin da kowa ke amfani da shi ba tare da ya tuna wanda ya yi shi ba, ai bai kammala ba.

Sabuntawa ta farko ta sa hotonsa a buɗe manhajar, hannu a haɓa, ido a sama. Ta biyu ta ƙara muryarsa, yana gaishe ka da kwana da gajiya da iyali da sanyi kafin ya bari ka ji wanda ya mutu. Jama'a suka yi haƙuri. Shi kuma ya ɗauki haƙurin nan a matsayin tafi.

A lokacin matarsa Amatullah tana da ciki, na farko bayan doguwar jira da shan magani da surutun dangi. Injiniya ya ƙudura a ransa cewa ranar suna sai an yi taron da ba a taɓa gani ba a unguwar. Yana so a cika layi, a rasa wurin ajiye babur, kawunsa Maiwada na Bakura, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, ya zauna a tsakiyar tabarma ya raɗa wa liman sunan jaririn. A nan kam ba alfahari kaɗai ba ne, yana son abin har cikin zuciyarsa. Sai dai babban mutum ba ya zama jiran haihuwa hannu sake, dole ya ci gaba da gyara al'umma.

Ran wata kasuwar Talata ya sa aka kafa masa lasifika a ƙofar shago, ya hau benci.

"Jama'a, zamanin tahiya da ƙahwa ya wuce. Mi za ya sa mutum shi bar albasatai ta bushe a gonakin dam na Bakolori, shi hau mota shi bi hanyar Maradun rai a hannu, don kawai shi ce Allah shi jiƙan rai? Mu munka duba wagga wahala, munka tausaya muku. Daga yau, zumunci ya shigo aljihu."

Sabon abin maɓalli ne kore, an rubuta masa Na Halarta. Da ka danna, sai a zana takalma ƙafa biyu da sunanka a ƙofar wani zaure da ke cikin wayar mai taron, muryar Injiniya kuma ta isar da saƙonka cikin ladabi: wane ya halarta a zuci, yana taya ku murna, ko yana taya ku jimami, gwargwadon abin da ya faru. Takalman kowa baƙaƙe ne. Na Injiniya kaɗai ne masu ruwan zinari, kuma ko da an riga shi dannawa, su ne a sahun gaba.

Da farko mutane sun ji kunya. Amma hanya ba kullum take da daɗin bi ba, man fetur ya yi tsada, shinkafa kuma ba ta san ana biki ba. Wannan ya danna a ɓoye, wancan ya danna ya ce gwaji yake yi. Kafin damina ta fita, tsofaffin da ba su iya karatu ba ma sun san inda koren yake.

Sai Inna Marka ta rasu, matar Kawu Maiwada, wadda ta yi wa Sharhabilu wanka da wanki tun yana yawo ba wando. Amatullah, da cikinta da ya tsufa, ta shiga motar Bakura ta tafi, ta zauna da mata har aka share makoki. Injiniya kuwa yana da taro da kansa a ofis. Ya danna kore, ya share ƙwalla ɗaya, ya ce wa Jatau ya duba ko zinarin ya fito sosai.

Washegari Kawu ya kira shi. Suka gaisa doguwar gaisuwa, Injiniya ya yi ta'aziyya da murya mai taushi.

"Sharhabilu, ban gan ka ba wurin jana'iza."

"Kawu, ai na halarta. A duba wayar ɗiyarka Husna, takalmina na nan sahun gaba, masu ruwan zinari."

Tsohon ya amsa a hankali.

"Ta gwada mani. Na gan su. In ta samu sarari, ta sa mani abin ga cikin wayata ni ma."

Duk Bakura an san maganar nan daga ciwon rai ta fito. Injiniya kaɗai ne ya ji ta a matsayin nasara. Ya juya kujerarsa sau biyu, ya ce wa Jatau fasaha ta ci dattawa da yaƙi. A cikin wannan farin cikin ne hangen nesansa ya kai ƙarshe: me ya sa ma mutum zai wahala yana dannawa? Aka fitar da sabuntawa mai suna Halarta da Kanta. Ka kunna sau ɗaya, daga nan duk taron da aka sanar, in ranarsa ta zo, takalminka ya riga ka zuwa ko kana barci. Injiniya ne ya fara kunnawa a wayarsa, a gaban jama'a, don ya zama abin koyi.

Amatullah ta sauka lafiya, namiji. Injiniya ya sayi rago wanda sai da aka rage masa hanya a bayan a-kori-kura. Aka kawo rumfuna da kujerun roba, aka shimfiɗa tabarmi har bakin kwalbati, aka jibge goro da dabino da alewa a faranti. Ya ɗinka farar shadda, aka yi mata aiki tun daga wuya har ciki. Sanarwar sunan kuwa da kansa ya rubuta ta a Zumunta, ya sa ta fito da ƙarar tambari.

Ranar suna, da aka sallame sallar asuba, ya tsaya a ƙofar masallaci yana jiran a bi shi. Mutane suka miƙa masa hannu ɗaya bayan ɗaya, suna Allah shi raya, kowa ya nemi takalminsa ya kama gabansa. Ya ce a ransa sun tafi canza kaya ne. Ya koma gida ya zauna a kujerar tsakiya, ya baza hannun riga.

Gari ya waye sosai. Wayarsa tana ta ƙara a aljihu. Maƙwabcinsa Tukur ya fito da fartanya a kafaɗa, ya ɗaga masa waya daga nesa.

"Injiniya, barka da arziki. Mun riga mun halarta tun jiya, duba ka gani. Yau ranar ban ruwanmu ta a gona."

Wani maroƙi ya iso a babur, ya ja birki, ya dubi kujeru, ya dubi tabarmi, bai ko kashe injin ba ya juya. Jatau ma yana Bakolori yana dashen shinkafa, shi da ya san maɓallin ciki da waje. Daga cikin gida kuwa sai guɗa da dariya da ƙarar turmi. Matan Bakura da na Maradun da na Garbadu, duk waɗanda Amatullah ta taka ta je wa, sun cika gidan tun jiya, silifas ɗinsu ya yi tudu a bakin ƙofa har da na yara. Injiniya ya kau da kai daga tudun nan.

Liman ya iso, tsoho mai ƙaramar waya ta tocila wadda ba ta san Zumunta ba. Ya tuɓe takalminsa a gefen tabarma, suka gaisa, ya waiga dama da hagu.

"Ina jama'a, Injiniya?"

Injiniya ya fito da waya. Zauren da ke ciki ya cika maƙil, takalma a kan takalma har ba a ganin ƙofa. Ba a taɓa samun halarta irin wannan ba tun da aka kafa kamfanin. Ya nuna wa liman. Yana cikin nunawa sai wani saƙo ya shigo, muryarsa ta fito tangaram, cike da ladabi: Alhaji Maiwada na Bakura ya halarta a zuci, yana taya ku murna.

Wannan kam ta shige shi. Ya dubi gurbin da ya ware wa kawunsa a tsakiyar tabarma, da matashin jingina da ya sa a ajiye masa. Shi da kansa ya matsa kusa da kunnen liman ya raɗa sunan, Ishaq, sunan mahaifinsa. Liman ya yi addu'a, mutum ɗaya ya ce amin.

Sai maganar yanka. Liman ya zaro wuƙa, ya dubi ragon da ke ta tunkuyar turke, ya sake duban wayar.

"To, cikin takalman ga, wa za ya riƙe muna ƙahwahu?"

Haka Babban Mai Hangen Nesa ya naɗe hannun farar shadda, ya durƙusa a ƙasa, ya rungumi ƙafafun rago yana haki, ragon yana shurinsa a ciki daidai inda aikin ɗinkin ya fi kyau. Jini ya yi tsartuwa ya sami gaban rigar. Yana nan durƙushe sai wayar ta sake ƙara a aljihunsa, muryar nan da ya fi so a duniya ta sanar da shi da liman da ragon: Injiniya Sharhabilu Nagode ya halarta a zuci, yana taya ku murna.