Rasuwar Wayata a Bakin Shafin Jana'izar Dufie

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki duk a gajiye, ni Afua Kyerewaa, tsohuwar shugabar makaranta a unguwar Bantama, nake sanar da rasuwar wayata, wadda gilashinta bai fi tafin jariri ba. Ta rayu da kamun kai. Ba ta taɓa kunyata ni a coci ba. In saƙo ya shigo, "ƙwir" take cewa sau ɗaya, ta yi shiru.

Ana ta yaɗawa wai tsufa ne ajalinta. Ban saba karɓar "wai" ba, don haka na bincika.

Ga yadda jinyar ta kasance. Aminiyata Abena Dufie ta rasu, ni kuwa na yi mata alkawarin da hannuna zan sa zanen bankwana a akwatinta. 'Ya'yanta ba su buga sanarwa ba, shafi suka buɗe a intanet. Kwadwo, babban ɗanta, ya so ya ɗora ranar jana'iza da wurinta a sama, ya tattara sunayen manyan masu makoki a ɓoye bayan 'yan layukan nan uku na kusurwar shafi, sai an danna a gan su. Shugaban dangi ya ce, "Kai Kwadwo, ni za ka ɓoye kamar tsintsiya a bayan ƙofa?" Sai aka jera kowa da muƙaminsa da hotonsa, babba kafin ƙarami, har da na London. Duk wanda na tambaya rana sai ya ce, "Maame," wato Mama, "ai tana shafi."

A kwamfutar Kwadwo komai ya zauna daram. A wurin marigayiya wayata kuwa, fuskar shugaban dangi ce ta cike gilashin, alamar rufe ta kuma ta faɗa can waje, inda yatsa ba ya kaiwa. Na ja, na matsa, na danna, har gilashin ya ce "ƙas". Ta yi duhu, da lambobin jama'ata duka a cikinta.

Na kai gawarta kasuwar Kejetia, wurin Opoku mai gyara. Ya ce, "Maame, yanzu kowane shafi yana bin girman waya. Taki ce ta tsufa."

Na ce, "To malamin zamani, buɗe a taka."

Ya buɗe a sabuwarsa mai faɗin faranti, ya yi ta jan sunaye har masu jira suka gaji suka watse. "Maame, dangin nan ba sa ƙarewa ne?"

Marigayiya ta bar caja ɗaya naɗe da salatif, da rigar roba, da babban yatsana da har yanzu yake zogi.

Za a yi zaman makoki ranar Asabar a gidana, bayan tashar mota. A zo cikin tufafi ja da baƙi. Akwai fufu. Daga nan a binne ta a aljihun tebur.

Opoku ya kai ƙarshen shafin da la'asar. Rana da wuri suna layin ƙarshe, ƙarƙashin hoton autar jikoki. An binne Dufie a Mampong tun jiya.