Hantar Malam Tanimu Ma Da Makullinta

Duk unguwarmu a Malumfashi babu wanda bai san makullin Malam Tanimu tela ba. Ɗan ƙaramin makulli ne na siton abincin gidansa, ya zura masa igiyar zariya ya rataya a wuya kamar laya. Kullum da safe shi zai buɗe, ya auna wa matarsa Tabawa shinkafa da manja, ya mayar ya ɗatse, sannan ya jijjiga kwaɗon sau biyu don zuciyarsa ta kwanta. Wanka ma da abinsa yake shiga, wallahi.

To, sai wani miki ya fito masa a ƙafa, ya ruru, zazzaɓi ya biyo baya, har aka ba shi gado a asibiti. Da aka auna, aka ce jininsa ya yi ƙasa. Haba, ai sai Tabawa ta zage damtse! Ta sayar da akuyarta guda ɗaya tilo, ta shiga ɗura masa gasasshiyar hanta da safe, kwaɗon zogale da rana, miyar alayyahu da yamma, ga kwalbar maganin ƙarin jini da ta ɓoye a ƙarƙashin filo tana ba shi cokali-cokali in ma'aikata sun juya baya. Bawan Allah har ya koma in ya ji ƙamshin hanta sai ya juya fuska bango. Bayan sati biyu aka sake aunawa: jini yana nan inda yake, ko gezau.

Nan fa Yaya Kulu, yayar Malam Tanimu, ta samu abin faɗa. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ja shi gefe ta ce, “Yo ina jini zai hau? Ruwan kunu take ba shi, naman kuwa cikinta yake tafiya.” Ta kuma rantse ana sallamarsa gidanta za ta wuce da shi ta yi jinyarsa da kanta. Wannan magana ta ƙona wa Tabawa rai ƙwarai. A ɗauke mata miji a kai gidan yayarsa don ba ta iya ciyar da shi ba? Ai ba za ta ƙara ɗaga kai a gidan biki ba ke nan.

Ranar Laraba da hantsi likita ta shigo zagaye, wata 'yar siririya mai tabarau da son bayani. Tabawa ba ta jira ta gama duba takarda ba.

“Likita, don Allah ki raba ni da mutanen nan. Akuya guda ta ƙare a cikin mutumin nan. Ina jinin ya tafi?”

Likita ta yi dariya, ta zare kwalbar da ke leƙowa daga ƙarƙashin filo, ta ce, “Mama, wannan a ajiye ta tukuna. Ba laifin girkinki ba ne ko kaɗan. Kin ga jikin mutum yana da wasu ƙananan sinadarai masu gadi, a fata, a yawu, a hanji, su ne ke huda ƙwayoyin cuta su kashe su. Akwai ɗaya da hanta ke yi, sunansa hefsidin, shi ne mai riƙe da sinadarin ƙarfen da ake haɗa jini da shi. Su ma ƙwayoyin cutar ƙarfen nan suke nema su hayayyafa. To da zarar sun shigo, sai shi hefsidin ya rufe ƙofar hanji kada ƙarfen abinci ya shiga, wanda ke cikin jiki kuma ya tura shi sito ya kulle, don yunwa ta karya su.”

“Ya kulle?” in ji Tabawa, idonta ya sauka a kan wuyan mijinta.

“Ƙam! Ko sa guda kika ba shi, kaɗan ne zai shiga. Mu fara gamawa da mikin. Ranar da cutar ta tafi, da kansa zai buɗe, jini ya hau.”

Tabawa ta tafa hannu ta yi shewa, har mai jinyar gadon kusa ya waiwayo. Ta juya ta ce, “Yaya, kin ji da kunnenki ko? Ni na zuba. Kullewar kuwa ba daga gidanmu aka zo da ita ba.”

Yaya Kulu ta shiga gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Shi kuwa Malam Tanimu, wanda sati biyu ko “sannu” da ƙyar yake amsawa, sai ga shi ya yunƙura ya tashi zaune, fuska fal murna. Ya laluba wuyan riga ya fito da makullinsa ya ɗaga sama yana kaɗawa.

“Allahu akbar! Likita, maimaita musu! Shekara goma sha tara ana kirana marowaci a gidana, ashe ilimi nake yi ban sani ba. Kin ji dai, Tabawa: kulle sito shi ke tsare gida. Jikin ɗan Adam ma abin da yake yi ke nan.”

Tabawa ba ta ko kalle shi ba. Ta naɗe hannun riga har gwiwa, ta miƙa wa likita damtsenta.

“To likita, tunda ga ki ga allura, ɗibi nawa, anjima in kawo miki yara shida. A auna a gano wane ne ƙwayar cutar a cikinmu, ko Malam ya samu ya buɗe.”