Famfon da Aka Buɗe Sau Huɗu

Jiya da safe na jingina da famfon ƙofar gidana, sai ga koren fenti shar a bayan rigata. Ban ji haushi ba. Duk ranar da aka yi wa famfon nan fenti, to Mai Girma Jagora ya ƙara matsayi ke nan, ni kuma aiki ya same ni.

Ga wanda bai sani ba, famfon ba shi da bututu. Kansa kawai aka dasa a jikin katangata shekara goma sha ɗaya da suka wuce, sai ranar buɗewa aka tuna da maganar ruwa. Jagora, wanda a lokacin aikinsa jera kujeru ne a ofishin jam'iyya, shi ya kawo dabara: a huda katanga, a zura tiyo, wani ya hau tebur daga ciki da jarka da mazurari. Ni ne wanin. Aka yanke ƙyalle, aka murɗa, ruwa ya zubo, aka tafa. Manya suka ce wannan da kai yake, suka ba shi sakataren unguwa. Shi kuma ya riƙe hannuna ya ce kafin ƙarshen wata za a ja mana bututu na gaske.

Da ya zama shugaban jam'iyya na unguwa aka sake buɗe famfon, wai an gyara. Da ya haura gunduma aka kuma buɗewa, wai an inganta. A yi masa adalci, bai taɓa sauya famfo ba, bai taɓa sauya ni ba. Irin wannan riƙon amana ya yi ƙaranci a zamanin nan.

Matsalar ɗaya ce. Ruwan da nake tuttulawa, da wanda muke sha, mai ɗakina ce ke ɗauko shi a ka daga rijiyar bayan kasuwa, ni kuwa gwiwa ta daɗe da sallamata. Yanzu wuyanta ya ƙi juyawa, likita ya ce ta daina ɗaukar kaya, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai. Maƙwabcina tela ya ce in ƙi zubawa mana, kowa ya ga gaskiya. Na ce masa ai washegari za a ce ni na hana unguwa ruwa.

Da hantsi Jagora ya zo duba fenti, don yanzu jam'iyyar gaba ɗaya a hannunsa take. Na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, maganar bututun nan fa. Wuyan baiwar Allah ya gaji."

Ya dube ni da tausayi. "Baba, in ruwa yana zuwa kullum, wa zai fito ya tafa?"

Ban ga ƙarya a ciki ba. Amma ya ce maganar wuyan ta taɓa masa zuciya, zan ga saƙo.

Bayan azahar direbansa ya sauke jarka biyu babu ko ɗigon ruwa a ciki, wai wannan karon 'yan talabijin za su zo, ana son ruwa ya yi minti goma yana zuba. Sai kuma ƙunshi na musamman ga mai ɗakina. Ta kwance, sabon gammo ne mai laushi, an buga hoton Jagora a jiki yana murmushi.

Ta juya shi sau biyu, ta ajiye. Ta ce ba laifi, dama shekara goma sha ɗaya tana ɗauke da mutumin nan a ka, sai yau aka sa hoto.