Jinyar da Na Yi wa Jitar Isuhu

Abubuwa da yawa sun shige mini, har sunayen jikokina sai na nutsu nake jera su daidai, amma ba zan taɓa mantawa da daminar da ƙanena Isuhu ya bar mini ajiyar jitarsa ba. Har yau in na buɗe kwalbar man shanu, sai kunya ta rufe ni kamar jiya aka yi abin.

Ni ce babba a ɗakinmu, Isuhu ne auta. Inna ta rasu yana rarrafe, saboda haka a bayana ya girma kafin aure ya kawo ni Ƙonni daga Tajaye. Babanmu makaɗin gurmi ne. Ni ko ƙofar lakwal, makarantar boko, ban taɓa takawa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Tun ina yarinya Baba kan taɓa tsirkiya ya dube ni, in na yamutsa fuska ya san ba ta hau ba. Na kuma ga yadda yake kula da abin sana'arsa. In damina ta yi, fatar gurmi ta sha sanyi, murya ta faɗi, sai ya shanya shi a rana ko ya kara shi kusa da murhu, ya ɗame tsirkiya, ya shafe ƙwaryar da sandar da man shanu don kada su tsage. Nan take gurmi ya farka. Iyakar ilimina ke nan a kan kayan kiɗa, kuma da shi na yi aika-aika.

Isuhu ya yi shekara uku yana cin rani a Legas. Tsararrakinsa suka dawo da keke da radiyo, shi ya dawo da wani dogon baƙin akwati. A ciki jita ce ja, mai ƙyalli, irin mai aiki da lantarki. Ya shiga cikin wasu samari masu kiɗa a bukukuwan ma'aikata, kuma a wani gida bayan namu suke koyo da la'asar. Ni ba mai fita ba ce, duniyata daga madafa sai ɗaki sai gindin dalbejiyar tsakar gida. Ta kan katanga nake jin su. Muryar jitar nan takan cika unguwa, har kwanonin jerena su riƙa amsawa. Ko mutum nawa ke kiɗa nakan ware hannun Isuhu, don yana jan sauti irin na Baba. (Ku riƙe wannan: ji nake yi, ban taɓa ganin yadda ake kaɗa ta ba. Ban san akwai waya ba, ban san akwai wani akwati da muryar ke fita daga cikinsa ba.)

Shekarar da ta biyo bayan babban farin nan da ya ƙarar da shanu, da ruwa ya sauka kowa ya nufi gona. Baba ya tsufa, dole Isuhu ya koma Tajaye ya yi noma. Ɗakin da yake kwana yana yoyo, sai ya kawo mini akwatin.

"Yaya, ga ajiya. Ki tura ta ƙarƙashin gado, ki bar ta nan."

"Ba ta son komi?"

"Ba ta ci, ba ta sha. Ki dai bar ta."

Har ya kai zaure ya dawo, ya tsuguna kusa da ni ina tankaɗe, ya rage murya. Ya ce bayan girbi za a yi bikin ɗiyar maƙwabcinmu ma'aikacin duwan, wato kwastan, kuma a dangin ango akwai wani Mushe Alzuma (Mushe shi ne Malam a bakin masu Faransanci) mai ƙungiyar makaɗa a Yamai, yana neman mai jita. An yi masa maganar Isuhu, ya ce zai saurare shi ranar bikin. In ya yi masa, zai tafi da shi.

"In na samu wanga, Yaya, na bar hauya ke nan. Ki yi man addu'a."

Na yi masa addu'a. Da ma a nan na tsaya.

Wata guda cur ban taɓa akwatin ba. Ranar nan ina shara na jawo shi, na ce bari dai in duba ko gara ta shiga. Na buɗe. Ga ta kwance kamar amarya. Na sa yatsa na ja tsirkiya ɗaya.

Abin da na ji ko sauro ya fi shi murya. Na ja ta biyu, na ja duka shidan. Wani ɗan zirin sauti ne mai mutuwa kafin ya kai ƙofa, tsirkiyoyin kuwa sun saki suna lilo. (Daga baya na ji cewa shi da kansa ya sassauta su, haka ake yi in za a daɗe ba a kaɗa ba.) Abin da ke girgiza kwanonina, yau a hannuna ya zama bebe. Na ce shi ke nan, sanyin damina ya kama ta, kuma a ɗakina ya kama ta. Yaro zai dawo da fatansa duka a kan wannan abu, in ce masa me?

Ban gaya wa maigida ba, ban tambayi kowa ba. Me zan tambaya, ni ɗiyar makaɗi?

Da gari ya waye rana ta fito, na ɗora ta a kan rufin rumbu tun hantsi har azahar, sai da jikinta ya ƙi taɓuwa don zafi. Na sauko da ita na kama 'yan kunnuwan nan shida da ke kanta ina murɗawa, ina ja ina saurare, ina ƙara murɗawa, har kowace tsirkiya ta miƙe ƙam kamar igiyar guga. Sauti ya hau sama, amma ƙarfi bai zo ba. Na ce saura mai.

A shekarar nan man shanu ya zama abin nema, don shanun ma ba su. Akwai Hajjo, Bafulatana mai kawo mini nono, na roƙe ta duk ɗan abin da ta kaɗa ta ajiye mini. Ta ce, "Wa ke jego gidanku?" Na ce ajiya ce ba ta da lafiya. Wata biyu maigida yana cin miya ba ɗigon mai, yana ƙorafi, ina ce masa ai fari ne. Man kuwa yana tafiya jikin jita. Na shafe wuyanta, na shafe bayanta. Akwai wasu ƙarafa uku a kwance ƙarƙashin tsirkiyoyin, na cusa musu mai ta kowace kafa. Na ga wani ɗan rami a gefenta, na ce ai ta nan take numfashi, na narkar da mai a cokali na ɗura mata. (Ramin da ake soka waya ke nan.) Da na ga tsatsa ta fara fitowa a tsirkiya, na dirje ta da toka da lemon tsami kamar gindin tukunya. Ranar Juma'a har turare nakan yi mata.

Duk ranar da babu hadari tana kan rumbu. Na lura wuyanta ya ɗan ranƙwafo, tsirkiyoyin sun yi nisa da itacen, amma na ce wa kaina ai da ma haka take. Murya dai ba ta dawo ba. Kunnen nan nawa da nake taƙama da shi ya gaya mini gaskiya kullum, ni ce na ƙi ji. Nakan ce yau ta fi jiya. Da aka fara yankan gero na ƙara mata mai na ƙarshe, na rufe akwatin, na ce ta huta ta tsotse, in mai ita ya zo da hannunsa za ta tashi.

Ranar biki motar Illela, mai biyowa ta Tajaye, ta makara. Isuhu ya shigo bayan azahar, ya rame, ya yi baƙi, tafin hannunsa duk kanta. Ko ruwa bai sha ba ya jawo akwatin.

"Lahiya ta kwana, Yaya?"

"Lahiya lau. Har ma na..."

Bai tsaya ji ba, ya fita da gudu. Ni kuma na yi wanka na ɗaura zanen da na fi so, na shiga gidan biki. Na zauna cikin mata, ina gaya wa na kusa da ni cewa mai jan jitar nan ƙanena ne, kuma ni na yi jinyarta duk damina.

An share fili a ƙofar gida, an jera kujeru, ga manyan duwan, ga jandarma, ga malaman lakwal. A ranar na fara ganin akwatin muryar, wanda suke kira ampuli, an haɗa shi da batirin mota. Mushe Alzuma yana zaune a gaba, siriri mai tabarau, tasa jitar a jingine da kujera. Isuhu ya durƙusa a gabansa ya buɗe akwati.

Warin ne ya fara fitowa. Man shanun da ya yi wata a rufe cikin zafi, kun san shi. Na gaba suka kau da kai. Sai kiyashi, baƙi ƙirin, suna fitowa daga ramin nan layi-layi, suna hawa hannunsa. Ya ɗaga ta, ta zame masa, ya tare da gwiwa. Wuyanta ya lanƙwashe kamar bakan maharbi. Na ga ya dube ta ya daɗe. Ya goge hannu a wando, ya soka waya. Ampuli ya yi wani gurnani, ya yi tari, ya koma ƙugi. Ya danna yatsunsa a wuya, tsirkiyoyin sun yi nisa ba su kai itace ba. Ya daure ya kaɗa sau ɗaya. Siririyar ta tsinke ta tsarge shi a kunci.

Mushe Alzuma ya sunkuya ya shinshina.

"Samari, wa ya yi miya cikin wagga?"

Aka fashe da dariya. Isuhu ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Laihina ne, Mushe. Ban adana ta da kyau ba."

To, da ina da wayo, nan zan ja mayafi in sulale gida. Yaro ya rufa mini asiri. Amma ni a raina gani nake ba su gane ciwon ba, za su kore shi a banza. Sai na miƙe tsaye cikin mata, ni da ko a gida ba a jin muryata daga zaure, na ce:

"Mushe, ba miya ba ce, man shanu ne mai kyau, na Hulani. Sanyi ne ya kama ta. Ku sa ta rana kaɗan, tana tashi. Ni nis san ta, kullum sai na shanya ta."

Mushe Alzuma ya juyo ya dube ni.

"Kina shanya ta," in ji shi.

"Bisa rumbu. Muryarta ta mutu, ko sauro ya hi ta. Sai da na ɗura mata mai ta hanci."

Ban ma ƙarasa ba wata mata ta faɗi a kan tabarma tana riƙe da ciki don dariya. Wani jandarma ya tuɓe hula yana share hawaye. Mushe Alzuma kaɗai bai yi dariya ba. Ya ɗauki tasa jitar, ya zo har bakin tabarmar mata, ya ce, "Malama, saurara." Ya ja tsirkiya. Sauron nan ne dai, sak irin wanda na ji a ɗakina. Ya koma ya zare waya daga ta Isuhu, ya goge ta da hankici, ya soka a tasa, ya sake ja. Unguwa ta ɗauka.

"Lahiyarta lau tun farko," ya ce. "Haka anka yi su."

Ban san yadda na kai gida ba. Takalmina ɗaya ma a can na bar shi.

Mushe ya ara wa Isuhu tasa ya ce ya gwada. Ina kwance a ɗaki ina ji ta kan katanga. Wata huɗu hannunsa yana kan hauya, ga kunya, ga jini a kunci, ga kayan da bai saba da su ba. Ya yi tuntuɓe sau uku a waƙar da na sha jin yana yi ido rufe. Kowa zai iya cewa ya yi ƙoƙari, ni kunnena bai bar ni na yaudari kaina ba a wannan karon. Da wani yaron Tsarnawa Mushe ya koma Yamai.

Mai gyaran radiyo na kasuwa ya kwance ta ya wanke cikinta da fetur, ya ce wayoyin za su iya tashi, amma wuyan da rana ta gasa ana ja da tsirkiya ba zai sake miƙewa ba. Isuhu ya dawo da ita ya tura ƙarƙashin gadona, inda ya ce in bar ta tun farko. Bai zage ni ba, bai ɗaga mini murya ba, ko sau ɗaya. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. A unguwa kuwa na zama "likitar jita", mata na aiko yara su tambaye ni ko zan duba musu radiyo. Kafin sanyi ya fita Isuhu ya tafi Malbaza ya shiga aikin siminti, kuma a can ya ƙare ƙarfinsa. Bai sake kiɗa ba.

Bayan wasu shekaru ya zo mini da salla. Ina zuba masa ruwan wanke hannu na ga yatsun nan sun farfashe, siminti ya cinye su, sun yi fari kamar busasshen tabki. Na shiga ɗaki na ɗauko kwalbar man shanu, na fito, sai na tsaya a bakin ƙofa na kasa matsowa. Ya dubi kwalbar, ya dube ni. Ya miƙo hannayen duka biyu.

"Shafa, Yaya. Waɗanga dai fata ce."

Na shafa ina kuka, shi yana dariya ƙasa-ƙasa.

Jitar tana nan ƙarƙashin gadona har yanzu, mai ita ya riga ni tafiya. Nakan share gefenta, ba na buɗewa. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini ajiya ya ce ba ta ci ba ta sha, nakan ce to, in bar ta da yunwarta. Man shanuna kuwa a miya yake ƙarewa.